Kujerar Lungu ta Aji Uku

Ranar Talata ce, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, iskar teku ta fara shigowa unguwar Makorora tana kaɗa zannuwan da aka shanya. Fundi Kombo, wato Kombo maƙeri, na durƙushe a tsakar gida yana wanke giris ɗin hannunsa da kananzir, 'yarsa Mwanaidi kuma tana kicin tana tace madarar kwakwa a kan shinkafa. Ba mai ce wa wani uffan. Haka gidan yake kullum, don haka shirun bai dami kowa ba, har sai da wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal, ya gangaro a hankali ya dire a gaban Kombo.

Noti ne, tsoho, ya ci tsatsa. Kombo ya ɗauka ya jujjuya shi, nan take ya gane shi, domin fuskar mutum takan ɓace masa amma ƙarfen da ya taɓa bi ta hannunsa ba ya ɓace masa. Na tsofaffin kujerun firamaren unguwa ne, waɗanda ya kwance mako biyu da suka wuce ya jibge a bayan gida. Ya ɗaga kai ya dubi katanga ko yaran maƙwabta ne. Babu kowa sai wani hankaka a kan bishiyar mangwaro, shi ma ya yi tsit. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, da tazara a tsakaninsu, kamar mai jifan ba ya son ya dami mutane da yawa. Da ladan ya kira magariba jifan ya tsaya.

Duk garin Tanga an san Fundi Kombo da abu guda: hinji, ƙarfen nan da ke riƙe mazaunin kujera ya bar shi ya naɗe ya buɗe. Sauran maƙera na yin ƙofofi da gadaje da tagogi, shi kuwa ya tattara rayuwarsa kacokan ya zuba a kan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Yana da dalilinsa. Tun yana saurayi shi ya ɗaura tsofaffin kujerun makarantar, masu hinjin da ke haɗe baki kamar almakashi, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta datse wa Mwanaidi kan yatsu biyu tana 'yar shekara tara. Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. Shekara goma sha huɗu yana zane a bayan takardar buhun siminti, yana yankewa, yana gwadawa, yana zubarwa. Matarsa Mwantumu ce mai surutun gidan, ita ke kai maganar uba wurin 'ya ta dawo da ta 'ya wurin uba. Da ta rasu, shekara shida ke nan, sai aka bar mutum biyu da ba su san ta inda ake fara hira ba. Yana son 'yarsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, sai dai duk son a shago yake ƙarewa.

Bana Allah ya ba shi sa'a. Ya matsar da sandar da mazaunin ke juyawa a kanta gaba kaɗan, ya bar wata 'yar wutsiyar ƙarfe ta baya, ya jera mata wosha goma sha biyu, 'yan zobban ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti. Yaro ya zauna, mazauni ya sauka. Ya tashi, nauyin woshan ya ɗaga mazaunin a hankali ya jingine shi da guntun robar taya, ba ƙara, ba cizo, ba ramin da ko yatsan jariri zai shiga. Da ya ɗaura sababbin kujerun a makarantar, masu shara suka sa masa albarka, iyaye suka riƙa tare shi a hanya suna godiya, shi kuwa yana sunkuyar da kai yana neman hanyar gudu. Kujerar farko da ya ƙera, ta gwaji, ya ajiye ta a baranda ya hana kowa taɓawa.

Ranar Laraba, daidai wannan lokacin, notocin suka sake zubowa. Wannan karon da suka tsaya sai kujerar baranda ta motsa. Mazaunin ya ɗan rusuna kamar faɗin yatsa, ya tsaya yana rawa, ya koma sama. Ya sake rusunawa, ya sake komawa. Wani da a'uzubillahi zai fara, Kombo kuwa sifana ya ɗauko. Ya duba sandar, ya ƙirga woshan, ya shafa robar, bai ga aibu ba. Yana tsaye da sifanar a hannu mazaunin ya sake rusunawa a gaban idonsa, sau bakwai yana ƙirgawa, sannan ya ji wani numfashi kusa da kunnensa, dogo, irin na wanda ya gaji. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis murya ta fito. Daga bayan gida ta taso, daga cikin tarin tsofaffin kujerun, siririya, ba ta yaro ba kuma ba ta tsoho ba, tana rera lissafi yadda 'yan aji ke rerawa. Bakwai sau biyar talatin da biyar. Bakwai sau shida arba'in da biyu. Bakwai sau bakwai, sai ta yi shiru, ta daɗe, ta koma farko. Mwanaidi ta fito ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana saurare. Kombo ya lura ba tsoro ne a fuskarta ba, wani abu ne daban, ya so ya tambaye ta, sai ya rasa kalmar farko, ya wuce masallaci.

Washegari da safe Bi Kidawa ta tare shi. Bazawara ce tsohuwa, katangarsu ɗaya, tana toya wainar shinkafa a ƙofar gida, kuma ba abin da ke wucewa a layin bai biya ta kunnenta ba.

"Baban Mwanaidi, zo nan. Ka kwaso kayan mutane, ka haɗo har da mai kayan, ko?"

"Zafin rana ne ke sa ƙarfe motsi, Bi Kidawa. Idan ya huce da yamma sai ya..."

"To zafin ranar ne ya iya bakwai sau shida? Jikata tana aji biyar ba ta iya ba. Kai dai Allah ya ba ka hannu ya rage maka kunne. Ka nemi mai ilimi tun abin bai shiga ɗaki ba."

Ya ce to, ya tafi shago. Wannan "to" ɗin nasa kowa ya san ba ta da ƙafa, ba ta zuwa ko'ina.

Da ya dawo daga sallar Juma'a ƙaurin abinci ne ya fara tararsa tun daga ƙofa. Tukunya ta ƙone ƙurmus a kan gawayi. Mwanaidi na tsaye a kusurwar baranda kusa da kujerar gwaji, ta haɗa hannuwa a baya, idonta a buɗe yana kallon bango, tsayuwar ɗalibin da aka hana zama.

"Mwanaidi."

Ba ta juyo ba.

"Mwanaidi, lafiya? Zauna mana."

Bakinta ya buɗe, muryar bayan gida ta fito daga cikinsa, a hankali, ba faɗa, ba tsawa.

"A ina?"

Kwana uku tana tsaye. Bi Kidawa ta kira mata biyu suka kama ta za su kwantar, jikin ya ƙage kamar turmi, suna sakinta ta koma kusurwarta. An kira ma'aikaciyar jinya daga asibitin unguwa, ta auna jini, ta haska ido, ta ce ita ba ta ga ciwo ba, amma ƙafafun nan idan suka ci gaba da kumbura haka ba za a wanye lafiya ba. Ruwa kaɗai take karɓa, shi ma da cokali. Ranar Asabar Kombo ya yi abin da yake ganin dabara ce: ya kira mai sayen ƙarafa ya kwashe tsofaffin kujerun kaf, aka sassare su a gabansa aka loda a mota. Har magariba ta yi ba a yi jifa ba, ba a yi lissafi ba. Mwanaidi ce kawai ta yi ta kuka da muryar da ba tata ba, kuka marar ƙara, har aka yi isha'i.

Ranar Lahadi ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar sadakar ukun matarsa. Ya zauna a ƙasa a gabanta ya dube ta, dubawar da ya daɗe bai yi ba. Ashe tana da wani tabon ƙuna a wuyan hannu da bai san ranar da ta same shi ba. Ashe ta rame tun kafin wannan. Ƙafafunta sun yi suntum, fatar tana ƙyalli, gwiwoyin suna karkarwa amma sun ƙi lanƙwasawa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya gane sarai cewa 'yarsa za ta mutu a tsaye, kuma idan ta tafi ba wanda ya rage masa a duniya. Ya tashi ya buga ƙofar Bi Kidawa, ya ce ta aika a kira wanda ta sani.

Maalim Hemedi ya iso daga garin Pangani ranar Litinin da azahar, a motar haya. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai ciwon gwiwa, yana dogara lema, da jakar leda ɗauke da allo da kwalbar tawadar zafaran. Ya sha gahawa kofi biyu bai tambayi komai ba, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma bayan la'asar.

"Ba da dare ba, Maalim?" in ji Bi Kidawa.

"Hajiya, da dare ni ba na gani, su kuma suna gani. Wa zai kai kansa?"

Aka yi la'asar, aka sa turaren wuta a kasko. Maalim ya rubuta ayoyi a faranti ya wanke, ya shafa wa yarinyar a goshi da tafin ƙafa, ya zauna ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi amma ba ta yankewa. Inuwar mangwaro ta yi ta tsawo a tsakar gida, kajin maƙwabta suka yi shiru, har ƙarar babura a titi ta zama kamar daga wani gari take zuwa. Can sai Mwanaidi ta juyo da kanta a hankali, karo na farko cikin kwana uku, ta dubi tsohon.

"Ya isa, Maalim. Yana ƙona ni."

"To yi magana. Wane ne kai?"

"Ba ni da suna a rajista. Yara na ce mini Mai Lungu."

"Daga ina?"

Muryar ta amsa a hankali, kamar mai tuno abin da ya daɗe bai faɗa wa kowa ba. Ta ce a da akwai wata kuka a inda aka gina aji uku, su da yawa ne a cikinta. Da aka sare ta danginsa suka watse, wasu suka bi teku, wasu suka hau duwatsun Usambara, shi ya tsaya domin bai san inda za shi ba. Ranar da aka buɗe ajin ya ji muryoyin yara, ya shiga ya zauna a kujerar ƙarshe ta lungu, ya ji daɗi, bai sake fita ba. Yara suka gane da shi. Ba wanda ya koya musu, amma kowace shekara manya kan gaya wa ƙanana: kujerar lungu ba a zama a kanta, ba a naɗe ta, mai shara ya zagaye ta. Ko malamai sun sani, sun dai yi kamar ba su sani ba.

"Shekara nawa?" in ji Maalim.

"Arba'in da ɗaya."

"Shekara arba'in da ɗaya a aji uku, kuma bakwai sau bakwai ya gagare ka? Ai kai ko ni na fi ka."

"Kullum idan an zo wurin sai a buga ƙararrawa," in ji muryar, da ɗan jin kunya. Sannan idon Mwanaidi ya koma kan ubanta, ya yi sanyi. "Sai wannan maƙerin ya zo. Ya kwashe tawa ya kawo nasa. Na zauna, ta tashi. Na sake zama, ta ture ni. Aji guda, kujera sittin, ba wadda ta san an zauna a kanta. Na bi tsohuwar tawa har gidan nan, shekaranjiya ya sa aka sassare ta ina kallo."

"Ban sani ba," in ji Kombo. "Wallahi ba wanda ya gaya mini."

"'Yarka ta gaya maka."

Sai abin ya faɗo masa. Daren da zai fara kwance kujerun, Mwanaidi ta ajiye masa faranti ta ɗan tsaya, ta ce, Baba, kujerar lungu ta aji uku fa, ba a taɓa ta. Yana kan zane a lokacin, ya ce to, bai ɗago ba. Kunya ta rufe shi har ya kasa haɗa ido da Bi Kidawa, ita ma don tausayi ta kawar da kai.

"Laifin uba ne, me 'yar ta yi maka?" in ji Maalim. "Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Ba na cutar da ita. Wuri kawai na samu. Idan ana so in fita, ya ƙera irin na dā ya mayar, duka sittin."

"A'a." Kombo ne, kuma shi kansa bai san muryarsa na da wannan ƙarfin ba. "Dubi hannun da kake ciki. Dubi yatsun nan. Ko za a yanka ni ba na sake ƙera wancan hinjin, ko guda ɗaya."

"To ni ma ina nan."

Maalim ya ɗaga murya ya koma karatu, ayoyi masu zafi. Jikin yarinyar ya ɗauki kyarma, leɓenta ya yi fari, numfashinta ya riƙa yankewa. Tsohon ya tsaya, ya matso kusa da Kombo ya yi ƙasa da murya.

"Zan iya fitar da shi da ƙarfi, amma kwana uku tana tsaye, zuciyar ta gaji. Ina tsoron su fita tare. Nemo abin da za ka ba shi, Fundi, wannan ba mugu ba ne, marar wurin zama ne."

Kombo ya nuna kujerar gwaji. "Zan ba ka wannan ta barandar. In yi mata walda a buɗe, ta zauna a ƙasa har abada."

Mwanaidi ta ƙwalla ƙara har Bi Kidawa ta saki salati. "Ka kafe ni da wuta da ƙarfe? Wanda ya zauna a kan abin da aka kafe ba ya sake tashi! Maalim, ka ji abin da yake shirya mini!"

"Gaskiyarsa," in ji Maalim. "Ɗauri ne a wurinsu. Dole ta kasance mai motsi."

Rana ta sauka bayan katanga, hasken ya koma ruwan ɗorawa, garwashin kasko ya fara lumshewa. Kombo na kallon kujerarsa, yana tuna yadda mazaunin ya rusuna ranar Laraba kamar faɗin yatsa kafin ya koma. Abin da ba shi da nauyi sam ba zai rusunar da shi ko kaɗan ba. Ya ɗago ya dubi fuskar 'yarsa, ya yi tambayar da ba mai yin ta sai irinsa.

"Nauyinka nawa?"

Muryar ta ce, "Ba wanda ya taɓa tambayata. Ban sani ba."

"To zo mu auna."

Ya yi wa Maalim bayani a gaggauce. Wosha goma sha biyu ne ke ɗaga mazaunin, an yi su ne don nauyin yaro. Idan ya rage su mazaunin zai yi laushi, abu kaɗan zai saukar da shi. Amma akwai iyaka: idan suka koma biyar mazaunin zai riƙa faɗowa da kansa, kuma mazaunin da ke faɗowa da kansa shi ne mai fasa yatsun yara, wannan kuwa ba zai yi ba. Tsakanin goma sha biyu da biyar za a nemi wurin da kujerar za ta tsaya a naɗe idan ba kowa, ta kuma sauka idan shi ya zauna. Maalim ya gyaɗa kai, ya sa aljanin ya rantse da alkawarin Annabi Sulaimanu cewa idan kujerar ta karɓe shi ba shi ba yarinyar har abada.

"Na rantse. Amma idan ta ture ni, zan dawo inda na fito."

Kombo ya kwance noti ya zare wosha huɗu. "Bismillah, gwada."

Jikin Mwanaidi ya saki nan take, ta sulale, Bi Kidawa ta tare ta a ƙirji. Mazaunin ya sauka kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya, ya yi rawa, ya koma sama. Yarinyar ta zabura ta miƙe ƙiƙam da wani nishi mai ban tausayi, jini ya ɗan ɓullo a hancinta.

"Fundi, a rage yawan gwajin nan," in ji Maalim. "Kowace shiga da fita tana cin ta."

Ya zare biyu a lokaci guda, saura shida. Ta sake sulalewa. Mazaunin ya sauka, ya sauka, har ya kusa taɓa matokarinsa, ya tsaya cak. Sai ya fara tashi, sannu sannu, har ya jingina da robar. Wannan karon da Mwanaidi ta miƙe idonta a rufe yake, kanta ya langaɓe gefe, ƙafafun kaɗai ke riƙe da ita.

"Cire ɗaya mana, Baban Mwanaidi!" Bi Kidawa na kuka. "Ɗaya tak! 'Yarka ce fa!"

Hannunsa ya kai kan woshan. Ya san idan ya zare shi an gama, 'yarsa ta tsira, kujerar kuma wata rana ta faɗo a kan hannun 'yar wani. Ya zare shi, amma bai ajiye ba. Ya ɗauko magagari ya danne zoben a kan dakalin baranda ya fara gurzawa. Ba a jin komai a gidan sai kukan magagari da karatun Maalim can ƙasa ƙasa. Zoben ƙarami ne, yana zamewa, magagarin ya riƙa cin fatar yatsunsa, bai tsaya ba. Ya mayar, ya taɓa mazaunin da ɗan yatsa ya ji laushinsa, ya cire ya ƙara gurzawa. Sau uku yana haka, har zoben ya koma kamar ɓawon albasa. Ya ɗaure notin, ya saki mazaunin, ya tsaya a naɗe da kansa. Ya hura masa iska da baki, ya motsa kaɗan ya koma.

"Zo ka zauna," ya ce, yadda ake ce wa baƙo.

Mwanaidi ta zube a jikin Bi Kidawa. Mazaunin ya fara sauka a hankali, ba ƙara, ya wuce inda ya tsaya ɗazu, ya taɓa matokarinsa. Suka jira. Ladan ya fara kiran magariba, ya kai ƙarshe, mazaunin na nan a ƙasa. Daga kan kujerar da ba kowa a kai aka ji ajiyar zuciya.

"Ta san ni," in ji siririyar muryar, daga nan ba ta sake magana ba.

Maalim ya duba yarinyar, ya ce barci take, barcin mutane. Sannan ya ɗauki zoben wosha guda daga ƙasa ya auna a tafin hannunsa ya girgiza kai. "Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a cikin jama'a, ashe duk nauyinsa bai kai rabin wannan ba." Tausayin abin ya kama Kombo.

Bayan sallah Maalim ya ce kada kujerar ta kwana a gidan. Kombo ya ari amalanke ya ɗora ta, ya tura zuwa makarantar a hankali yana kauce wa ramuka, mazaunin na ƙasa bai ko girgiza ba. Masu shan gahawa a bakin titi suka bi shi da ba'a. "Fundi, yau fasinjan naka ba ya biyan kuɗin mota?" Wani tsoho a cikinsu, wanda 'ya'yansa suka yi aji uku a makarantar, ya dubi kujerar da kyau, ya ce su kama bakinsu. Mai gadi ma bai yi tambaya ba, ya buɗe ajin ya haska masa lungun da tocila.

Mwanaidi ta yi barci dare da yini. Ranar Talata da yamma Kombo ya dawo daga raka Maalim tasha, ya tarar da ita zaune a tabarma a baranda, ƙafafunta cikin baho na ruwan ɗumi, Bi Kidawa ta kawo miyar kifi ta tafi. Gidan tsit. Ya yi hamdala a ransa ya nufi ɗaki, sai ya ga kafaɗunta na rawa.

"Ƙafar ce?"

Ta girgiza kai.

"Ya tafi ai. Ya rantse, ba zai dawo ba."

"Na sani, Baba." Ta share ido da gefen zane. "Shi ya sa."

Ya tsaya bai gane ba.

"Tun ranar da ka kawo kujerun nan, kullum da yamma idan ina girki sai ya zo bakin kicin ya ce, yaya kika wuni. In gaya masa. Ko ba komai, ko gishiri ne ya ƙare, in gaya masa, ya saurara har ƙarshe. Ban san zai shige ni ba. Amma tun da Mama ta rasu, shi kaɗai ne ya tambaya."

Kombo ya daɗe a tsaye, hannuwansa masu tsumma a yatsu suna lilo, bai san inda zai ajiye su ba. Daga bisani ya durƙusa, ya zauna a gefen tabarmar, ya yi gyaran murya sau biyu. Da maganar ta fito, a karkace ta fito, kamar ta mai koyon yare.

"To... yaya kika wuni?"

Ta dube shi, dariya da kuka suka haɗe mata. "Wanne daga ciki, Baba? Shekara shida ne fa."

"Fara daga na farko," ya ce. "Ina ji."